Tashin Faleafa Daga Tabarma

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina maƙwabtaka da Faleafa, kuma abin da ya raba gidana da nasa bai wuce layin furannin da matarsa ta shuka ba, wanda ko kaza ba ya hanawa wucewa. Gidansa irin na da ne, rufi a kan ginshiƙai, babu bango ko ɗaya. Don haka in na ce na san mutumin nan ba cika baki nake ba. Na san lokacin tashinsa, na san gefen da yake kwanciya, na san ranar da ya ci kifi da ranar da ya buɗe naman gwangwani. Shi ma ya san nawa, sai dai shi ba ya faɗa, ni kuwa ina faɗa.

Marigayiya Siniva, matarsa, 'yar ƙanwar mahaifiyata ce, shi ya ba ni bakin tsokanarsa. Duk garin Vaipuna babu macen da za ta dubi mai riƙe da sandar gari ta ce masa "sannu tulu" sai ni, Fuatino. Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: "Tino, ranar da za a binne ki, bakinki ramin kansa za a haƙa masa."

Da yana saurayi ba tulu ba ne. Ragbi yake bugawa, kuma tsofaffi sun ce in ya rungumi ƙwallo ya sunkuyar da kai, mutum uku yake ja a bayansa kamar mai jan raga cike da kifi. Daga nan ya kama tuƙin bas, daga Vaipuna zuwa babban birni Apia, ya dawo, ya koma. Shekara ashirin da shida yana kan kujera ɗaya, har katakon kujerar ya ɗauki siffarsa. Ya haifi 'ya'ya uku, dukansu suka tafi Auckland, can ƙasar waje, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da alkawarin shekara biyu kacal zai yi.

Sarautar magana ta zo masa yana da shekara hamsin, bayan rasuwar kawunsa. Tulafale muke cewa, wato bakin gari. In baƙi sun zo shi ke tarbarsu da jawabi, shi ya san kirarin kowane gida da wanda ake ambata kafin wane. A cikin ɗakin taro a zaune ake magana. Amma a fili, gaban baƙi, dole mutum ya tashi daga tabarma ya tsaya da sandarsa da izgarsa a kafaɗa, shi kaɗai, kowa na kallo.

Sarautar nan ita ta ƙarasa abin da kujerar bas ta fara. Duk biki, duk makoki, kason alade nasa daban ne. Ga gwaza cikin madarar kwakwa, ga haƙarƙarin tunkiya da kitse ke ɗiga, ga shayi da sukari cokali huɗu. Lokacin da Siniva ke raye takan janye kwanon a hankali in ta ga ya isa. Da ta rasu shekara huɗu da suka wuce, babu mai janyewa. Na sha ganinsa da yamma, zaune a tsakiyar gidan nan mai cin mutum arba'in, faranti a gabansa, yana fuskantar kabarinta da ke bakin gida, yana ci a hankali don kar abincin ya ƙare ya rasa abin yi.

Abin ya faru wata Asabar. Baƙi sun tsallako daga tsibirin Savai'i kawo gaisuwar mutuwa, an shimfiɗa tabarmi a filin gari, mu mata muna gefe da kwandunan abinci. Mai maganarsu ya tashi ya yi nasa ya zauna. Sai kowa ya juya wajen Faleafa. Ya ɗora izga a kafaɗa, ya kafa sanda, ya ja jikinsa. Bai motsa ba. Ya sake ja, sandar ta zame. A karo na uku ya taso rabi, gwiwarsa ta ƙi, ya kife ta gefe, zanensa na neman kwancewa.

Samari biyu suka zo suka ɗaga shi ta hammata kamar buhun busasshiyar kwakwa. Ya yi jawabin, amma ya tsallake kirarin ɗaya daga cikin manyan baƙin, abin da bai taɓa yi ba. Penaia, ɗan ƙanensa, wanda shi ma yana da ƙaramar sarauta da dogon wuya, shi ya miƙe tsaf ya gyara kuskuren.

Ranar ko ni ban tsokane shi ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta fito. Wata huɗu masu zuwa za a buɗe sabon zauren coci, gari shida za su zo. Mijina yana zama can baya a majalisar gari, ya dawo ya ce manya suna ganin Penaia ya karɓi jawabin ranar. Kowa ya san ma'anar haka. Sandar da ta bar hannunka a rana irin wannan ba za ta dawo maka ba, sai dai a ci gaba da kiranka da sunan don ladabi. Kuma in ka cire maganar nan daga rayuwar Faleafa, abin da ya rage faranti ne da kabari.

Washegari rana na fitowa na gan shi ya zaro tsohon wandon ragbinsa, wanda ya tsaya a cinya ya ƙi gaba. Ya mayar, ya ɗaura zane sama da gwiwa, ya bi ta bayan gida ya nufi bakin teku. Can na hango shi yana gudu. Gudu fa, a cikin yashi, mutum mai shekara sittin da takwas wanda rabonsa da sauri tun ranar da bas ɗinsa ya kama hayaƙi. Bai kai itacen kwakwa na biyar ba ya durƙushe. Da rarrafe da dafa itatuwa ya dawo. Kwana shida bai taka ƙafar hagu ba.

Na kai masa ruwan zafi, na ce, "Ranka ya daɗe, kaguwa sun aiko a tambaya ko girgizar ƙasa aka yi."

"Ajiye ki fita."

"Ta ina zan fita? Gidan naka duk ƙofa ne."

Bai yi dariya ba. Ya dubi ƙafarsa ya ce, "A da haka muke yi. Mai horar da mu yakan ce a yi gudu har sai an yi amai."

"Mai horar da ku yana ina yanzu?"

"Ya mutu."

"To ka gani."

A lokacin, duk Talata da Alhamis, Nas Apaula ta asibitin gunduma tana zuwa gidan ƙungiyar mata tana koya mana motsa jiki, saboda ciwon sukari ya ci ƙafafun mutum biyu a garinmu. Ni dai don hira nake zuwa. Namiji ba ya shiga wurin, balle mai sarauta. Ko a hanya aka ga Faleafa yana gumi, sai an ce ina matasan gidansa da suka bar shi yana wahala. Mai sanda zama yake, a yi masa.

Bayan an tashi na ja Nas gefe na ce ina da wata 'yar'uwa a ƙauye, mai jiki sosai, da ba ta iya tashi daga tabarma.

Ta dube ni ta ce, "'Yar'uwar taki tana da gashin baki ko?"

Na ce, "Kaɗan."

Ta yi murmushi ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce in ce wa 'yar'uwata ta fara zuwa a auna jininta, sannan ta manta da gudu. Ta fara da taka ƙafa a wuri ɗaya tana kaɗa hannu har jiki ya yi ɗumi. Daga nan ta sami kujera mai ƙarfi, ta zauna ta tashi ba tare da dafa komai ba, iya abin da za ta iya, ta huta, ta sake, sau uku. Ta tura ginshiƙi da hannu biyu kamar za ta kayar da shi. Kar ta riƙe numfashi, ta fitar da shi lokacin da take tashi. Rana ɗaya aiki, rana ɗaya hutu, domin a ranar hutun ne naman jiki ke ginuwa. Ciwon gajiya ba komai, amma in gaɓa ta soke ta ko ƙirji ya matse, ta tsaya nan take. Kuma duk mako ta ƙara ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da har za ta raina.

Na kawo masa saƙon ta kan furanni. Ya saurara fuska a murtuke.

"Wannan aikin tsofaffin mata ne."

"Tsofaffin matan suna tashi da kansu. Kai fa?"

Da safe ya hau bas ya je aka auna shi, ya ce wa mutane takarda zai sa wa hannu a Apia. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, mutane sun tafi gona, sai na ji ƙarar igiya. Faleafa yana sauke asabarin gidansa, ɗaya bayan ɗaya, har ya rufe kansa ruf.

To a nan ne ya yi kuskuren. Asabari na ruwan sama ne da iska. In rana na haske, teku a kwance, aka ga gida a rufe, a garinmu abu ɗaya yake nufi: wani yana kwance a ciki, kuma jikin ya yi tsanani. Shi ya fi kowa sanin haka. Amma kunya ta rufe masa ido.

Ni ina tsaye a gindin ginshiƙi ta waje ina ƙirga masa. Zauna, tashi. Ya yi huɗu. A na biyar kujerar ta riƙe shi.

"Huɗu," na ce. "Matar fasto tana yin goma sha biyu, kuma da jika a baya."

"Ƙirga ki yi shiru."

"Ta yaya zan ƙirga in yi shiru?"

Muna cikin haka sai ga tsohuwa Taufau ta dawo daga tsintar kwakwa. Ta ga asabari, ta gan ni tsaye a gefe, ta ji nishi daga ciki. Ta saki kwandonta ta ɗora hannu a ka. Kafin in buɗe baki ta yi gaba.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Faleafa ya ji sawu, ya tura kujera gefe, ya zube a tabarma ya ja mayafi. Da aka ɗaga asabari aka same shi sharkaf da gumi, yana haki, ƙafafunsa na karkarwa. Me kuma ake jira? Fasto ya dafa goshinsa ya ce zazzaɓin ya yi ƙarfi. Matan mawaƙa suka zauna suka jera waƙoƙi uku, masu sanyin nan da ake yi wa mai shirin tafiya. Ni ina can baya na cusa bakin zanena a baki don kar dariya ta fito, hawaye na zuba, wata ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa.

Sannan abinci ya fara shigowa, domin ba a zuwa duba mara lafiya hannu wofi. Miyar kaza, kifi, dafaffen ganye, gwaza, ayaba cikin madarar kwakwa, naman gwangwani, har da ƙafar alade. Penaia ya zo da farin zane da fuskar tausayi, ya zauna kusa da kansa.

"Baba, kar ka sa komai a ranka. Maganar buɗe zaure mun ɗauke maka. Kai dai ka huta."

Na ga hannun Faleafa ya damƙe bakin mayafi. Kalma ɗaya zai faɗa komai ya warware. Amma ya ce me? Ya ce bakin garin Vaipuna ya rufe gida yana koyon zama da tashi a kujera, kuma mace ke ƙirga masa? Ya rufe ido ya ce, "Na gode, ɗana."

Da yamma wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa Moevai ce daga Auckland, labari ya riga ya tsallaka teku. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, duk yini tana ɗaga iyayen wasu. Ina jin kukanta daga inda nake. Ta ce ba za ta samu hutu ba sai ƙarshen shekara, amma ya shirya, za su ɗauke shi ya koma can, akwai ɗaki, akwai kujera mai laushi, akwai talabijin.

Ya ce, "Lafiyata ƙalau, 'yata."

Ta ce, "Haka Mama ma ta riƙa cewa."

Da ta kashe ya daɗe riƙe da wayar. Ya buɗe asabari ɗaya, wanda ke kallon kabarin, ya zauna. Na tsallako na kwashe kwanukan.

"Kai su gidanki," ya ce. "Bar min kifin da ganyen."

"Za ka daina?"

"Jibi ne ranar aiki ko?"

"Jibi."

"To ki zo ki ƙirga."

Haka aka yi wata uku. Gari yana jinyar Faleafa, Faleafa yana tura ginshiƙi. Litinin, Laraba, Juma'a, da hantsi, asabari ya sauka, mutane su wuce suna rage murya suna cewa jikin ya motsa. Muka daidaita da shi: in na hango mai zuwa sai in kira kajina da ƙarfi, shi kuma ya faɗa tabarma. Abincin dubiya kuwa gidana yake ƙarewa. Shi yana raguwa ni ina ƙaruwa, har Nas ta auna ni ta ce, "Fuatino, ke da 'yar'uwar taki musanya kuka yi?"

Ba kullum ake dariya ba. Mutane sun daina zama hira da shi, don ba a gajiyar da mara lafiya. Su ajiye kwano, su yi addu'a, su tafi. Majalisa ta daina aiko masa. Ranar taro yana jin ana tafa hannu ana rabon ava, abin shan da ake buɗe zama da shi, a ɗakin taro, ana kiran sunaye bi da bi, nasa babu. Ya sa kansa cikin wani irin zama da ya fi na da kaɗaici, kuma shi ya rufe ƙofar da hannunsa.

Daga huɗu ya kai shida, daga shida ya kai tara. A mako na biyar ya ji ƙarfi ya yi wa kansa ƙari, ya yi aiki kwana uku a jere bai huta ba, gwiwa ta kumbura, ya koma shida. Na kai wa Nas ƙara. Ta ce, "Ki ce mata jiki ba ya son a yi masa wayo. Ta koma baya ta sake hawa." Ya zage ni, ya zagi Nas, ya zagi kujerar, sannan ya koma baya ya sake hawa.

Da ya kai goma sha biyu sai Nas ta ce a sa nauyi. Ya rungumi kwakwa biyu a ƙirji yana zama yana tashi. Daga baya huɗu a cikin kwando. Ta ce a sami wuri mafi ƙasa da kujera, ya koma kan akwatin katakon Siniva, daga nan kan turmin kankare kwakwa. Ta ce ƙafa kaɗai ba ta isa ba, mai dogon jawabi yana bukatar numfashi, ya yi tafiya. Tafiya a ina, mutumin da gari ya san yana kwance? Sai ya riƙa bi ta bayan gida a ranakun hutu, ya shiga ruwa ta wajen itatuwan fadama inda ba mai zuwa, ruwan ya kai masa ƙugu, ya yi ta tafiya a hankali yana dawowa. Nas ta ce ya yi saurin da zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba. Don ya gwada, sai ya riƙa jera kirarin garuruwa shidan nan da ƙarfi. Na taɓa bin sa na laɓe. Ga ƙaton mutum shi kaɗai a cikin ruwa, yana gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, babu mai amsawa sai tsuntsaye. Na zo da tsokana a bakina, na koma da ita gida.

Saura mako uku Nas ta nuna mana yadda ake tashi daga ƙasa, ta sa ni na yi sau biyar a gaban mata suna dariya. Na kawo masa. A warware ƙafa, a juya gefe, a dafa hannu, a kafa gwiwa ɗaya, a kawo ɗaya ƙafar gaba a taka sosai, sannan a fitar da numfashi a miƙe. Ba da hannu ake jan jiki a kan sanda ba, ƙafa ke turawa, sanda rakiya take.

Kwana huɗu yana kaiwa gwiwa ya tsaya. A kwana na biyar, ina waje ina jira in ji faɗuwa, sai na ji shiru. Na leƙa ta tsakanin asabari. Yana tsaye. Sanda a hannu, ido a buɗe, kamar wanda aka tashe shi a wani gari. Bai kira ni ba. Ya juya wajen kabarin, ta cikin asabarin da ke rufe, ya ce a hankali, "Kin gani?"

Na ja da baya na ba su wuri. Da na dawo na ce, "Na ji shiru, na ce ko ka mutu in zo in ɗauki tukunyar da Siniva ta ara."

Ya ce, "Tukunyar tata ce."

Ranar Litinin ya yi wanka, ya shafa man kwakwa, ya taka da ƙafarsa har ɗakin taro. Ina wajen girki ina jin komai. Ya zauna a gindin ginshiƙinsa ya ce ya warke, kuma jawabin buɗe zaure nasa ne. Aka yi ta kallonsa. Wuyansa ya fito, zanensa ya zagaye shi har da saura. Fasto ya ɗaga hannu ya ce ga amfanin addu'a. Wani ya ce miyar kazar matarsa ce. Penaia ya ce, cikin ladabi, ciwo ya ci rabin Baba, kar a ɗora masa abin da zai kunyata gari a gaban gari shida.

Faleafa ya ce, "In na kasa tashi, ka karɓi sandar a wurin, gaban kowa. Ba sai an kai ta gidanka ba."

Aka yarda a kan haka.

Ranar ta zo da rana mai zafi. Fili ya cika, fararen kaya ko'ina, tabarmi har bakin hanya. Da Faleafa ya iso wurin zamansa sai ya tarar an ajiye masa kujerar roba, fara, ita kaɗai a tsakiyar masu zaman ƙasa. Don tausayi aka yi, na sani. Amma wanda ya hau kujera a fili ya gama faɗa wa kowa cewa ya gama. Ya dube ta, ya ɗauke ta da hannu ɗaya ya miƙa wa na baya, ya sauka ƙasa ya harɗe ƙafa.

A gida yana tashi ne da jiki mai ɗumi. A nan sai da aka yi addu'a, aka yi waƙa, baƙi uku suka yi magana, fiye da awa ɗaya yana harɗe a kan ƙasa. Na lura yana motsa yatsun ƙafarsa a ƙarƙashin zane, yana matse cinya yana saki, fuskarsa kuwa kamar dutse.

Aka zo kansa. Penaia ya gyara zama, ya kawo ƙafa ɗaya gaba.

Faleafa ya ɗora izga a kafaɗa. Ya warware ƙafa. Ya juya gefe ya dafa hannu. Gwiwa ta kafu. Ƙafar dama ta zo gaba, ta taka. A nan ya tsaya, kansa a sunkuye, kuma ni kaɗai a filin nan na san ba addu'a yake ba. Na ji numfashinsa ya fita. Ya miƙe.

Ya yi magana kusan rabin awa. Gari shida, bai tsallake kowa ba, muryarsa ta kai har wajen masu girki. Da ya gama ya sauka ta hanyar da ya hau, a hankali, ya harɗe ƙafa. Baƙi suka amsa, aka shiga rabon kyaututtuka.

Na duba fuskokin mutane ina jiran wani abu. Babu. Matar da ke kusa da ni tana ƙorafin an ba garinsu ƙaramin alade. Baƙin ba su san komai ba, mutum ya tashi ya yi magana, me ke ciki? 'Yan garinmu kuwa sun riga sun ba wa addu'a da miyar kaza ladan. Penaia ya mayar da ƙafarsa ya shiga lissafin tabarmin kyauta. Tashin nan duka bai kai ƙirga goma ba.

Da yamma ya dawo gida da kasonsa na alade a kwando, ya rataye sanda a inda take. Ya kira Moevai, ta ce tana kan aiki, wata tsohuwa ta zame a banɗaki, za ta kira shi Lahadi. Ya ce ba komai, dama gaisuwa ce.

Ya zauna a bakin gida yana murza gwiwa. Na tsaya ta kan furanni.

"An ce wani tsoho ya yi jawabi yau," na ce. "Ban gani ba, ina wajen alade."

"Ƙarya kike. Ina jin idonki a bayana."

"Ka daɗe a kan gwiwar nan. Na ce ko aure za ka nema."

Ya yi dariya, gajera, ta hanci. Ya tura min kwandon da ƙafa.

"Ɗauki ki kai wa mijinki. Yanko min kaɗan."

Na yanka masa, na ɗauki sauran. Har na juya ya kira ni.

"Tino."

"Na'am."

"Sandar tana nan."

"Na gan ta."

Ya gyaɗa kai. Na tsallaka gida na bar shi yana ci shi kaɗai.